Ranar da Turaren Hajiya Ya Koma Kunun Gyaɗa

Mubarak da Sadi, ku biyun da Kawu Isuhu ya kwaso daga Kano watan jiya, na ji abin da kuka faɗa a bakin matakala. Wai haɗa turare ai kamar haɗa zoɓo ne, a zuba wannan, a zuba wancan, a juya. Ban tanka ba don hannuna na cikin aiki. Ga amsarku a rubuce, tunda na lura in ana yi muku magana da baki idonku na kan waya. Na san shekarata sha tara, na san kaɗan na girme ku. Amma a wannan sana'a shekara ɗaya kamar goma take. Ku leƙa hancina ku gani, ko gashi ɗaya bai rage ba, sifirit ya ƙone su tun ina yaro.

Abin da muke yi a wannan ɗaki na hawa na uku, bayan kasuwar kayan kwalliya ta Baiyun a nan garin Sinawa, yana da sauƙin faɗa. Ɗan kasuwa ya kawo man turarensa, mu haɗa shi da sifirit, mu bar shi ya kwanta, mu sanyaya shi, mu tace, mu ɗura a kwalaben feshi, mu matse murfi da inji. Shi ke nan a baki. A hannu kuwa, wata shida na yi ina wanke kwalabe kafin Kawu ya yarda na taɓa mazurari. Yatsuna sun jiƙu har suka yi kama da na tsohuwa.

Aikina na farko da ya wuce wanki shi ne awon sifirit. Tsoho Can, Basinen da yake kawo mana kaya, ya iso da durom a kan keke mai ƙafa uku, yana ta fara'a. Kawu ya ɗebi kaɗan a doguwar kwalbar awo, sannan ya buɗe akwatin katako ya ɗauko wani siririn gilashi mai nauyi a gindi da lambobi a wuya. Kun san shi, shi ne wanda muke kira Alƙali, wanda na ce duk wanda ya taɓa shi sai na tsinke masa kunne. Ana saka shi a cikin ruwan a sake shi. In sifirit ɗin yana da ƙarfi, Alƙali ya nutse har wuya. In an sirka shi da ruwa, ya taso yana leƙen mutane. Lambar da ta tsaya daidai saman ruwan ita ce hukunci: kashi nawa ne barasa a cikin ɗari. Namu sai ya kai casa'in da biyar.

Ranar ya tsaya a tamanin da takwas. Tsoho Can ya kalli rufi ya ce wataƙila ruwan sama ne ya shiga. Durom ɗin kuwa a liƙe yake, kuma garin ya kwana biyu ba a yi ko yayyafi ba. Kawu kawai ya nuna masa matakala. Daga baya ya koya mini cewa zafi ma yana sa Alƙali ya yi ƙarya: sifirit mai ɗumi yana nuna ƙarfin da ba shi da shi. Don haka a garin nan da mutum yake dahuwa a tsaye, sai an tsoma kwalbar awon a ruwan ƙanƙara ta huce kafin a yi shari'a. Ku riƙe wannan.

Me ya sa ake wannan wahala? Mai da ruwa ba sa ga maciji, sifirit ne mai shiga tsakani. In yana da ƙarfi, ya narkar da man ya zama garau kamar hawaye. In ruwa ya yi masa yawa, sai man ya fito fili, haɗin ya dagule. Kuma sifirit ɗinmu na masana'anta ne, an zuba masa wani abu mai ɗaci don kada kowa ya sha. Kawu yana bin malaman da suka ce babu laifi a yi turare da irinsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, mu ɗura masa zallar mai. Amma giya, wadda aka yi don a sha, ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba. Sai sau ɗaya.

Kwastomomi iri-iri ne, kuma kowanne ya fi ka sanin aikinka. Akwai mai cewa a rage mai amma ƙanshi ya ƙaru. Akwai mai son ƙanshin da zai yi mako a jikin riga ko an wanke ta a rafi. Amma babbar cikinsu a lokacin ita ce Hajiya Rabi ta Maraɗi. Duk shekara kafin azumi take zuwa da jarka biyu na wani mai da ba wanda ya san inda take samo shi. Kawu ya yi mata wayo har ya gaji, ba ta faɗa ba. Turarenta shi matan Maraɗi suke fesawa ranar Idi, da sunanta a jikin kwalba. Aikinta kaɗai rabin abincinmu ne na shekara. In ta shigo, har tabarmar sallarsa Kawu yake shimfiɗa mata.

Sai shekarar Olamfik ta zo. Wasan a Beijing za a yi, nisan duniya da mu, amma mu ne muka sha duka. Aka tsananta biza. Kawu ya tafi Kano don ya sabunta tasa, aka ce ya dakata sai an gama guje-guje. Ni takardata ta makarantar koyon yare ce, da sauran kwananta, don haka shago ya dawo hannuna ina ɗan shekara sha bakwai. A waya abu ɗaya Kawu ya yi ta nanatawa: "Nazifi, ko me za ka ɓata ka ɓata, amma ka riƙe mini Hajiya." Sannan ya ce ya bar ɗaya makullin a wurin Alhaji Tanimu, dillalin da yake hawa na huɗu, don a samu babba mai hankali da zai riƙa sa ido a kaina. Ku riƙe wannan ma.

Hajiya ta iso da jarkokinta biyu, ɗaya mai farin murfi, ɗaya mai ja. Ta ce kwantenarta za ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Nansha kafin a fara wasa, in ta wuce wannan jirgin kayan ba za su isa Maraɗi ba sai bayan an gama cin tuwon Sallah. Na ce an gama. Na ruga wurin Tsoho Can.

"Loban, sifirit," na ce. Loban shi ne maigida a yarensu.

"Meyo," in ji shi. Wato babu.

"Rabin durom fa?"

"Meyo."

"Kofi ɗaya, in ɗan shinshina in tuna da?"

"Meyo, meyo. Olamfik."

An hana yawo da duk abin da yake kama wuta. Na zaga garin nan har takalmina ya fara roƙona. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, kafin in buɗe baki an ce meyo. Har wani kare ya yi mini haushi a Huadu, na rantse meyo ya ce.

Yanzu sai na gaya muku wani abu game da gidan nan wanda ba a faɗa a masallaci. Masu masana'antu suna da al'adar ba kwastoma kyautar wiski lokacin sabuwar shekararsu, a cikin akwati mai ƙyalli kamar na lefe. In ka ƙi karɓa, ka ci fuskar mutum a gaban ma'aikatansa. In ka karɓa, ba ka sha, ba ka sayarwa, ba ka bayarwa, kuma kana tsoron zubarwa a bandaki kada maƙwabci ya ji wari ya kai labari Kantin Kwari. To haka alhazan gidan nan suka yi shekaru suna tura kwalabe ƙarƙashin gado, a naɗe a baƙar leda, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Alhaji Tanimu kuma ya taɓa zuwa wata liyafa ta masana'antar takalma. A can ya ga wani loban, ƙato kamar firiza, ya sha wiski a ɗan kofin da bai kai na shayin Buzaye ba, bayan ɗan lokaci ya zame ƙarƙashin tebur yana waƙa. Tun daga ranar Alhaji ya yanke hukunci cewa babu ruwan da ya kai wiski ƙarfi a bayan ƙasa. Labarin ya ba ni shi ya fi a ƙirga, kuma kullum loban ɗin ƙara girma yake.

Ranar da abin ya faru, na ji ƙishin-ƙishin akwai mai sifirit a Panyu. Na hau jirgin ƙasa tun da safe, na sha rana, na samo meyo ɗina mai zafi, na dawo wajen la'asar. Tun daga hawa na ɗaya wari ya tare ni: ƙanshin Hajiya da wani abu kamar ruɓaɓɓen rake. A bakin ƙofarmu na tarar da alhazai tsaitsaye, kowa riƙe da baƙar leda wadda ba komai a cikinta, fuskokinsu fes kamar waɗanda aka sauke wa kaya. A ciki ga Alhaji Tanimu ya ɗaure hanci da tawul, ya naɗe hannun riga, yana juya babban bokitinmu na haɗi da sandar mofa.

"Yawwa, ɗan Isuhu!" ya ce. "Zo ka ga yadda manya suke warware matsala. Kai kana can kana yawon neman ƙaramin abu, ga ubansa a ƙarƙashin gadajenmu."

"Baba Alhaji, me kuka zuba?"

"Abin nan. Kada ka sa in kira sunansa, ina da alwala. Lalura ce, kuma ai da an fesa iska take kwashe shi. Kada ka damu, na san ya fi naku ƙarfi nesa, don haka na sirka shi da ruwa rabi da rabi, kada ya ƙona fatar bayin Allah."

Na leƙa bokitin. Kun taɓa ganin kunun gyaɗa da aka ɗiga wa manja? To shi ne. Fari-fari, ƙasa-ƙasa, ga idanun mai suna yawo a sama suna kallona. Jarka mai jan murfi tana gefe a kwance, ko ɗigo babu a cikinta.

"Zai washe," in ji Alhaji, amma muryarsa ta ɗan yi ƙasa. "Juyi ne bai isa ba."

Akwai sauran kwalba ɗaya da ba a juye ba. Na zuba a kwalbar awo, na sanyaya, na saki Alƙali. Ko nutsewar kirki bai yi ba, ya tsaya ƙiƙam da wuyansa duk a waje. Arba'in.

"Baba Alhaji, wannan fiye da rabinsa ruwa ne tun daga masana'anta. Ga shi ma a rubuce a jikin kwalbar. Kun ƙara masa wani ruwan, yanzu bai fi ashirin ba."

"Wa zai tsaya karanta kwalbar giya? Ni kau da kai na yi ina zubawa ina a'uziyya. Kuma gilashin nan naka ƙarya yake. In ruwa ne, me ya ka da loban?"

"Arba'in ta isa ta ka da mutum. Namu in ya sha ba faɗuwa zai yi ba, sutura za a nema."

Na waiwaya don in samu mai goya mini baya. Babu kowa. Alhazan nan sun ɓace kamar an ɗauke wuta, sai ledoji a ƙasa.

Aikin ceto man nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi, kuma ku saurara don ba a makaranta ake koyar da shi ba. Tunda ruwa ne ya kore man, sai na ƙara masa abokin gaba: na dama gishiri a ruwa mai yawa na tuttula a ciki, na rufe, na hana kowa ko tari kusa da shi. A hankali man ya tattaru a sama, launin wiskin ya zauna a ƙasa. Na riƙa zuƙe shi da sirinji, kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗiban jinin jariri. Na sake wanke shi da sabon ruwan gishiri, na sake jira, na sake zuƙa. Na maimaita har bayana ya manta yadda ake miƙewa. Daga ƙarshe na tace shi da takarda. Ya fito garau, ƙanshinsa daram, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Na mayar da shi jarkarsa na murɗa jan murfin.

Ana cikin haka Tsoho Can ya hawo don ya ga abin da ake ta magana a kai a layi. Da ya ga tulin kwalaben a bayan ƙofa sai ya ɗauki ɗaya, ya karanta, ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasa. Ya ce wannan wiski mai tsada ce, ta ma girme ni. Ya ce an yi kisan kai a gidan nan. Washegari da sassafe sai ga shi da durom a ƙarƙashin tulin kwalaye, wai ya tuna yana da ɗaya da ya manta, gara ya fito da shi kafin mu kashe wasu. Na auna: casa'in da biyar cif. Wato ga mai, ga sifirit, ga jirgi bai tashi ba. Komai ya dawo daidai.

Alhaji Tanimu ya riƙe hannuna biyu. "Ɗan Isuhu, ka rufa mini asiri. Ba hancin da zai gane." Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Da hantsi Hajiya ta zo duba kaya kafin a haɗa, kamar yadda ta saba. Ta buɗe mai farin murfi, ta shinshina, ta gyaɗa kai. Ta buɗe mai ja. Ta ɗiga a bayan hannu, ta murza, ta rufe ido. Alhaji yana bakin ƙofa yana jan carbi da gudu kamar ana biyansa.

"Bon," ta ce. "Lahiya lau. Wannan ma kamar ya hi wancan haske. Ɗiyana, kai ka tace shi? Isuhu ya iya renon yaro."

To, ku gaya mini. Mutum ya yi aikin da ko Kawu bai taɓa yi ba, aikin da ya kamata a ba shi lambar zinariya tare da masu tsalle-tsallen Beijing, sannan a yabe shi a kan tacewa kawai?

"Hajiya, ai tacewa wasa ce," na ce. "Da kin gan shi jiya lokacin da yake iyo a cikin wiski, ba za ki ce zai dawo ba."

Carbin Alhaji ya tsaya.

"Mi kac ce?"

Na ba ta labari tun daga farko, har da kwaikwayon yadda aka juya da sandar mofa. Sai da na kai wajen gishiri na lura ni kaɗai nake dariya. Na yi sauri na ɗauko Alƙali, na ce ko ɗigon barasa bai rage ba, na wanke man tas, in tana so in gwada mata ruwan wankin ƙarshe.

"Ɗiyana, ka yi makarantar allo?"

"Na yi, Hajiya."

"To ba ka kai wurin ba. Tufa ana wanke ta. Ƙwarya ana wanke ta. Mai in najasa ta ratsa shi, ba shi wankuwa. Haka muka karanta, kuma alƙalinka na gilashi bai isa ya sake shi ba. Mata su fesa wannan su tahi Idi, da sunana bisa kwalba?"

Ta nemi ruwa da sabulu ta wanke bayan hannunta a gabanmu. Ta waiwaya wajen ƙofa, amma Alhaji ya riga ya tuna yana da kaya a filin jirgi. Ta sa yaron otel ɗinta ya ɗauki jarka mai farin murfi. Na ce ko wannan ɗin ta bari in haɗa mata, ga sifirit mai kyau.

"A ɗakin da makullinsa ke hannun kowa? A'a." Ta nuna mai jan murfin da ƙafa. "Wannan kuwa nawa ne. Ku aje. Kada a saida, kada a zubda. In na zaka mu yi magana."

Ba ta sake hawa matakalar nan ba. Mun ji wani shago a can ƙasan layi yake yi mata aiki yanzu. Shekarar nan taliyar kwali muka ci har na fara mafarki da ita, kuma Kawu ya sayar da ɗaya injin matse murfin.

Da ya dawo bayan an gama wasa, ya zauna ya ji komai bai katse ni ba. Na zaci zai fara da Hajiya. Sai ya ce, "Ka saka Alƙalina a cikin giya?" Ya kwashe yini yana wanke shi. Da yamma ya karɓo makullinsa daga hawa na huɗu, sannan ya ce mini a duk watan nan abu ɗaya aka yi daidai, shi ma bakina ne ya yi shi ba da sanina ba. Ban gane ko yabo ne ba, kuma ban tambaya ba.

Saboda haka in kun ji ana cewa abu yana da ƙarfi, kada ku tambayi wa ya kayar. Ku sanyaya shi ku saki Alƙali.

Saura magana ɗaya. Jarkar nan mai jan murfi da take bayan ƙofa, wadda kuka ɗauka ajiyar Kawu ce ta musamman da yake yi wa rowa, ita ce. Na sa mata alama da biro, kuma tun zuwanku take raguwa duk ranar Juma'a. Sadi, jiya a sahu har wani Bazabarme ya tambaye ka inda kake sayen turare, na ji ka ce daga Dubai aka aiko maka. Ku kwaso rigunanku da hulunanku, omo yana ƙarƙashin famfo. In kun gama, ku je ku tambayi Kawu hukuncin sallolin da kuka yi, sannan ku fara shirya abin da za ku gaya wa Hajiya ranar da ta zo ɗaukar kayanta.